Numfashin Ƙwayoyin Halitta: Yadda Jiki Ke Fitar Da Kuzari Daga Abinci

Numfashin ƙwayoyin halitta shi ne jerin ayyukan sinadarai da jikin mai rai ke bi wajen wargaza abinci, musamman sukari, domin fitar da makamashin da ke ƙunshe a cikinsa. Da wannan makamashi ne zuciya ke bugawa, ƙwaƙwalwa ke tunani, tsoka ke motsi, rauni ke warkewa, jariri kuma ke girma a cikin mahaifa.

Ƙwayar halitta ita ce mafi ƙanƙantar ɓangaren jiki da ke da rai, kuma ba a ganin akasarinsu sai da madubin likita. Masana sun ƙiyasta cewa jikin baligi na ɗauke da kimanin tiriliyan 30 daga cikinsu. Kowace ɗaya tana samar da makamashin da take buƙata da kanta, domin babu wata gaɓa a jiki da ke haɗa shi ta rarraba wa sauran. Abin da jini ke kai mata shi ne kayan aikin, wato abinci da iska.

A harshen yau da kullum, numfashi na nufin shaƙar iska da fitar da ita. A wurin masana ilimin halittu kuwa, aikin huhu ɗaukar kaya ne kawai. Iskar oksijin da aka shaƙa tana bin jini har ta isa cikin ƙwayoyin halitta, inda take haɗuwa da abin da aka samo daga abinci. A can ne ainihin aikin yake, kuma shi ya sa cin abinci da shaƙar iska suke aiki guda: ɗaya ba ya amfani idan babu ɗayan.

Daga akushi zuwa cikin jini

Tuwon dawa, furar gero, shinkafa, doya da rogo duk suna ƙunshe da sitaci, wanda dogon jeri ne na ƙwayoyin sukarin da ake kira gulukos. Narkar da shi yana farawa tun daga baki, inda yawu ke soma yayyanka shi, ya kuma kammala a ƙaramin hanji. Daga nan gulukos ke ratsa bangon hanji ya shiga jini.

Gulukos ɗin da ke yawo a jinin mutum mai lafiya a lokaci guda bai wuce giram huɗu zuwa biyar ba, wato kimanin cikin ƙaramin cokali. Rarar da ta saura jiki kan adana ta: hanta na riƙe kimanin giram 100, tsokoki kuma kimanin giram 400, a wata siffa mai kama da sitaci. Abin da ya haura wannan sai a mayar da shi kitse. Sinadarin insulin shi ne ke ba ƙwayoyin tsoka da na kitse damar buɗe ƙofa su karɓi gulukos daga jini.

A ɗaya ɓangaren, iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100. Wadda muke fitarwa tana da kimanin kashi 16 na oksijin da kashi huɗu na kabon dayoksaid. Jajayen ƙwayoyin jini ne ke ɗaukar oksijin daga huhu ta hanyar wani sinadari mai ƙarfe a cikinsa da ake kira himogulobin. Mutum a zaune, ba ya aikin komai, yana cinye kimanin rubu'in lita na oksijin a kowane minti.

Idan aka taƙaita lissafin, ƙwayar gulukos guda tana haɗuwa da ƙwayoyin oksijin shida, a samu ƙwayoyin kabon dayoksaid shida da na ruwa shida, tare da makamashi. Wannan lissafi ɗaya ne da na ƙona sukari a wuta. Bambancin yana ga hanyar da ake bi. Wuta na sakin makamashin gaba ɗaya a matsayin zafi da haske. Ƙwayar halitta kuwa tana sakinsa kaɗan-kaɗan, cikin matakai fiye da 20, kowane mataki da sinadarin da ke hanzarta shi, ta yadda za ta iya kama wani kaso mai yawa ba tare da ta ƙone kanta ba.

ATP: abin da ƙwayar halitta ke kashewa

Tsoka ba ta iya motsi da gulukos kai tsaye, kamar yadda wayar hannu ba ta aiki da man fetur sai an mayar da shi lantarki an cika batir. Batirin ƙwayar halitta wani ƙaramin sinadari ne da masana ke taƙaita sunansa da ATP. Yana ɗauke da ɓangarori uku na sinadarin fosfet a jere. Idan aka ɓalle na ƙarshen, sai a samu makamashin da ya isa a yi wani ɗan aiki, abin da ya rage kuma ana kiransa ADP. Aikin numfashin ƙwayoyin halitta shi ne mayar da fosfet ɗin da aka ɓalle, wato sake cika batirin.

Jiki ba ya tara ATP mai yawa. Abin da ke cikin tsoka ba zai ɗauki mai gudu da iya ƙarfinsa fiye da 'yan daƙiƙoƙi ba. Don haka kowace ƙwaya ana cika ta ana kashewa sau ɗaruruwa a yini. Idan aka haɗa jimlar, baligi yana sarrafa ATP da nauyinsa ya kai kusan nauyin jikinsa a kowace rana. Wannan ne dalilin da ya sa mutum kan jure kwanaki ba abinci amma ba ya jure mintuna ba iska. Abinci yana da rumbu a jiki, ATP da oksijin ba su da shi. Ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta kimanin kashi biyu cikin 100 ne na jiki, tana cin kimanin kashi 20 na oksijin ɗin da ake shaƙa, kuma ƙwayoyinta kan fara lalacewa bayan 'yan mintuna da yankewarsa.

Mataki na farko: raba sukari biyu

Aikin yana farawa a cikin ruwan da ya cika ƙwayar halitta. Gulukos yana da ƙwayoyin zarra shida na kabon. Cikin matakai 10, ana raba shi gida biyu, kowane ɓangare da kabon uku, ana kiransa fairubet. Masana na kiran wannan mataki gilaikolisis, kalmar da ta samo asali daga harshen Girka, ma'anarta wargaza zaƙi.

Kamar kowane ciniki, sai an zuba jari. Ƙwayar halitta na kashe ATP biyu tun da farko don shirya sukarin, daga baya ta samu huɗu, riba biyu ke nan. Ana kuma cire wasu ƙwayoyin ilektiron, waɗanda su ne ke ɗauke da mafi yawan makamashin abincin, a ɗora wa wani sinadari da ke aikin ɗan dako. Idan ya ɗauki kaya ana kiransa NADH. Wannan mataki ba ya buƙatar oksijin, kuma ana samunsa a kusan kowane mai rai, daga ƙwayoyin bakteriya har zuwa giwa, abin da ya sa masana ke ganin yana cikin tsofaffin hanyoyin rayuwa a doron ƙasa.

Mataki na biyu: zagayen Krebs

Idan akwai oksijin, fairubet na wucewa zuwa wani ɗan ɗaki da ke cikin ƙwayar halitta mai suna maitokondiriya. Yana da tantani biyu, na waje mai santsi da na ciki mai ninki-ninki. Yawansa ya danganta da aikin gaɓar: ƙwayar hanta guda na da dubu ɗaya zuwa biyu, a tsokar zuciya kuma ya mamaye kimanin sulusin ƙwayar. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da ko ɗaya, don haka ba sa taɓa oksijin ɗin da suke dako.

A cikin maitokondiriya, ana cire kabon ɗaya daga fairubet ya fita a matsayin kabon dayoksaid. Biyun da suka rage sai su haɗu da wani sinadari mai kabon huɗu, a samu mai kabon shida, wato irin sinadarin da ke sa lemun tsami tsami. Daga nan ana bin matakai takwas, a zubar da kabon biyu, a komo kan sinadarin nan mai kabon huɗu da aka fara da shi, ya sake karɓar sabon kaya. Saboda haka ake kiran matakin zagaye. Kowace ƙwayar gulukos na sa a yi zagayen sau biyu.

A ƙarshen wannan mataki, dukkan kabon shidan da ke cikin gulukos sun zama kabon dayoksaid, jini ya kwashe su zuwa huhu. Amma ATP huɗu kacal aka samu tun daga farko. Sauran makamashin yana wuyan 'yan dako 12: NADH guda 10 da wasu biyu makamantansu.

Mataki na uku: madatsa da injin juyi

'Yan dakon na sauke ilektiron ɗinsu a tantanin ciki na maitokondiriya, inda wasu manyan sinadaran furotin huɗu ke jere. Ilektiron na wucewa daga wannan zuwa wancan, yana rasa ɗan makamashi a kowane zango. Uku daga cikin huɗun suna amfani da wannan makamashi wajen tura ƙwayoyin haidurojin daga ciki zuwa ƙetaren tantanin, har su taru a can fiye da yadda suke a ciki.

Wanda ya san yadda madatsar ruwa ta Kainji ko ta Shiroro a Jihar Neja ke aiki zai gane abin da ya biyo baya. Ruwan da aka tare yana neman gangarowa, kuma ba shi da hanya sai ta cikin injin da ke juyawa ya samar da lantarki. Haka ƙwayoyin haidurojin ke komawa ciki ta wata kafa guda, wadda ke cikin wani sinadari mai siffar ɗan inji. Wucewarsu na juya wani ɓangarensa a zahiri, sau fiye da 100 a daƙiƙa, kuma kowane cikakken juyi yana haɗa ATP uku.

Oksijin yana jira a ƙarshen jerin. Shi ne ke karɓar ilektiron ɗin da suka gama aiki, ya haɗu da haidurojin su zama ruwa. Ashe oksijin ɗin da mutum ya shaƙa ruwa yake komawa, kabon dayoksaid ɗin da ya fitar kuwa daga abincinsa ya fito. Idan babu oksijin, ilektiron ba su da inda za su sauka, jerin ya cushe, 'yan dako su tsaya da kaya a ka, zagayen Krebs ma ya tsaya.

Wannan mataki na ƙarshe ne ke samar da mafi yawan ATP. Jimlar abin da ake samu daga ƙwayar gulukos guda ya kai 30 zuwa 32. Tsofaffin littattafan makaranta na rubuta 36 ko 38, amma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa wani kaso na tafiya wajen shigar da kaya da fitar da su ta tantanin. Abin da ake kamawa a ATP bai kai rabin makamashin gulukos ba. Sauran na fita a matsayin zafi, kuma shi ne ke riƙe ɗumin jiki a kan digiri 37 a ma'aunin Salshiyas. Makyarkyatar da ake yi a lokacin hunturu dabara ce ta sa tsoka aiki don ta ƙara ƙona abinci. Jarirai, waɗanda ba su iya makyarkyata sosai ba, suna da wani kitse mai launin ƙasa-ƙasa a tsakanin kafaɗu, wanda maitokondiriyarsa ke barin haidurojin ya zurare ba tare da ya juya inji ba, don a samu zafi zalla.

Idan iska ta gaza

Ɗan kokawa ko mai gudun gajeren zango yana kashe ATP da saurin da ya fi ƙarfin abin da maitokondiriya ke iya bayarwa. A irin wannan hali tsoka na dogara ga matakin farko, ta hanzarta shi matuƙa. Domin 'yan dako su samu inda za su sauke kaya su koma aiki, ana juye ilektiron ɗin a kan fairubet, ya zama sinadarin laktet. Hanya ce mai sauri amma mai tsada, tun da ATP biyu kawai ake samu a madadin 30. Jini na kwashe laktet ɗin zuwa zuciya da wasu tsokoki su ƙona shi, ko zuwa hanta ta sake mayar da shi gulukos. Yana gushewa cikin kimanin sa'a guda bayan an huta. Tsamin jikin da ake ji kwana ɗaya ko biyu bayan aiki mai nauyi yana zuwa ne daga 'yan ƙananan raunuka a zaren tsoka.

Wasu ƙananan halittu da wannan hanya suke rayuwa, kuma a kanta abinci da dama suka dogara. Bakteriyar da ke cikin madara na cinye sukarinta ta fitar da sinadari mai tsami, wanda ke daskarar da ita ta zama kindirmo, ya kuma hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a ciki. Irin waɗannan bakteriya ne ke tsamar da ƙullun koko. Yis kuwa yana mayar da sukari kabon dayoksaid da barasa. Iskar ce ke kumbura ƙullun burodi, fanke da waina, barasar kuma zafin gashi ko suya na korar mafi yawanta.

Akwai bakteriyar da oksijin guba ne a gare ta. Wadda ke haddasa cutar tetanus, mai sandarar da muƙamuƙi, tana daga cikinsu. Shi ya sa rauni mai zurfi da matsattsen baki, irin na taka ƙusa ko ƙaya, ya fi haɗari ta wannan fuska a kan ƙujewar da iska ke shiga.

Kitse, furotin da azumi

Gulukos ba shi kaɗai ne makamashin jiki ba. Ana yayyanka kitse zuwa guntaye masu kabon biyu-biyu su shiga zagayen Krebs, furotin ma na iya shiga bayan an cire masa sinadarin naitirojin, wanda ƙoda ke fitarwa a fitsari. Giram ɗaya na sitaci ko furotin na ba da kalori huɗu a ma'aunin abinci, na kitse kuma tara. Saboda haka kitse ya fi dacewa da ajiya ta dogon lokaci. Tozon raƙumi kitse ne, kuma shi ne guzurinsa idan kiwo ya yi wuya. Mutumin da ya rame, mafi yawan kitsen da ya rasa ta huhu ya fita a matsayin kabon dayoksaid, sauran kuma ya zama ruwa.

Mai azumi yana fara dogara ne da abin da hanta ta adana, tana sakinsa a hankali don kada sukarin jini ya faɗi. Yayin da wannan ajiya ke raguwa, tsokoki na ƙara komawa ga kitse, a bar wa ƙwaƙwalwa gulukos, domin tana buƙatar kimanin giram 120 a rana kuma ba ta iya ƙona kitse kai tsaye. Idan rashin abinci ya ɗauki kwanaki, hanta na sarrafa kitse zuwa wasu sinadarai da ake kira kiton, waɗanda ƙwaƙwalwa ke iya amfani da su.

A ciwon sukari, insulin ne ke ƙaranci ko ya kasa aiki yadda ya kamata. Sukari ya cika jini amma ƙwayoyin tsoka ba sa samun isasshe, abin da ke kawo kasala, rama da yawan fitsari. Ƙarancin jini ma na kawo kasala da haki, don oksijin ba ya isa inda ake buƙatarsa. Haka nan wasu sinadaran bitamin suna cikin kayan aikin kansu: jiki na haɗa 'yan dakon ilektiron daga bitamin B2 da B3, shigar fairubet cikin zagayen Krebs kuma na buƙatar B1. Rashinsu na fara bayyana ne a gaɓoɓin da suka fi cin makamashi, kamar jijiyoyi da zuciya.

Yadda aka gano shi

A hunturun shekarar 1782 zuwa 1783, Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace na ƙasar Faransa sun sa ɓeran Masar a cikin wani mazubi da aka kewaye da ƙanƙara. Sun auna ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar da kuma kabon dayoksaid ɗin da ya fitar, suka kwatanta da na gawayin da aka ƙona. Sakamakon ya kusanci juna, Lavoisier ya yanke cewa numfashi wani nau'in ƙonewa ne mai tafiya a hankali.

A 1857 Louis Pasteur ya nuna cewa ƙananan halittu masu rai ne ke tsamar da madara. A 1897 Eduard Buchner na Jamus ya niƙe yis ya tace ruwansa, ya ga ruwan na wargaza sukari ko da babu ƙwayar halitta mai rai a ciki, wanda ya tabbatar da cewa aikin na sinadarai ne da za a iya bin diddiginsa. An gano ATP a 1929.

Hans Krebs, wanda ya bar Jamus a 1933 saboda mulkin 'yan Nazi, ya gano zagayen da ke ɗauke da sunansa a 1937 a Jami'ar Sheffield ta Ingila, ta hanyar gwaji da tsokar ƙirjin tantabara. Mujallar Nature ta mayar masa da rubutunsa bisa dalilin cunkoson ayyuka, sai wata mujalla a ƙasar Holan ta buga. Ya samu lambar yabo ta Nobel a 1953. Bayanin mataki na uku ya zo daga Peter Mitchell na Birtaniya a 1961. Masana da dama sun ƙi amincewa da shi na tsawon shekaru, amma ya karɓi Nobel a 1978. A 1997 aka karrama Paul Boyer da John Walker kan bayyana yadda injin haɗa ATP ke aiki.

Wani abin lura shi ne maitokondiriya na da nata sinadarin gado daban, mai ɗauke da ƙwayoyin gado 37 a jikin ɗan Adam, kuma ta wajen uwa ake gadonsa. Masaniya Lynn Margulis ta Amurka ta kawo hujjoji a 1967 cewa asalinta bakteriya ce da ta zauna a cikin wata ƙwayar halitta, ra'ayin da mafi yawan masana ilimin halittu suka karɓa a yau.

Gubar da ke toshe hanya

Wasu daga cikin gubobi mafi saurin kisa suna aiki ne a kan wannan tsari, kuma wasunsu na cikin gidaje. Janareta da garwashin gawayi na fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari. Tana manne wa himogulobin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, don haka jini ya kasa ɗaukar oksijin. Alamunta ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma mai barci yakan wuce ba tare da ya farka ba. Wannan ne dalilin gargaɗin da hukumomin lafiya ke yi kan kunna janareta a cikin ɗaki, shago ko baranda a rufe, da kwana da kaskon wuta a ɗakin da iska ba ta shiga.

Gubar sayanaid tana toshe sinadari na huɗu a jerin, wanda ke miƙa ilektiron ga oksijin. Jini na iya cika da oksijin amma ƙwayoyin halitta su kasa amfani da shi. Rogo, wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa nomansa a duniya, yana ƙunshe da sinadarin da ke sakin wannan guba, musamman nau'in mai ɗaci. Ɓare shi, gurza shi, jiƙa shi na kwanaki, matsewa, shanyawa da soyawa su ne ke fitar da ita. Inda fari ko rikici ya tilasta wa jama'a gajarta waɗannan matakai, kamar yadda ya faru a sassan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da Mozambik, an samu ɓarkewar cutar konzo mai shanye ƙafafu.

Ƙwayar maganin ƙwari da ake sakawa a buhunan hatsi tana sakin iskar fosfin idan ta ji danshi, ita ma tana lalata aikin maitokondiriya, na ƙwaro da na mutum. Bai halatta a ajiye hatsin da aka sa wa wannan ƙwaya a ɗakin kwana ba.

A gona da rumbu

Tsirrai na haɗa sukari da hasken rana, amma su ma sai sun wargaza shi a maitokondiriya kafin su amfana, dare da rana. Saiwa na samun oksijin daga iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya kwanta a gona na kwanaki, wannan iska na ƙarewa, saiwar masara ko wake ta shaƙe, shukar ta yi yaushi alhali tana tsakiyar ruwa. Shinkafa na jurewa saboda tana da hanyoyin iska a cikin kara da ke kai oksijin har saiwa.

Amfanin gona ba ya daina numfashi don an girbe shi. Tumatir, alayyafo da doya na ci gaba da ƙona sukarinsu, suna rasa nauyi da ɗanɗano, kuma zafi na ƙara saurin hakan. Sanyi ne ke rage shi. A kan wannan ka'ida tukunyar nan mai hawa biyu take aiki, wadda ake zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakanin babba da ƙarama. Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa ta a ƙauyukan Jihar Jigawa, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Busasshen hatsi numfashinsa kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa yake daɗewa. Wanda aka zuba a rumbu da danshi kuwa yakan yi zafi, domin shi da fumfunar da ke kansa duk suna numfashi.

Buhun PICS mai hawa uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007 don adana wake a Najeriya, Nijar da wasu ƙasashen yankin, yana juya wannan tsari ne a kan ƙwari. Ledoji biyu na ciki na hana iska shiga. Ƙwarin da ke cikin waken na cinye ɗan oksijin ɗin da ya rage, daga nan su daina ci da hayayyafa, su mutu, ba tare da an sa magani ba. Sharaɗin kawai shi ne waken ya bushe sosai, a ɗaure bakin kowace leda daban, kada kuma ɓera ko wani abu mai tsini ya huda ta.